Wa ya taɓa yi wa alminiyam fenti a waje ya zauna? Ku ba mu labari

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ɗakin sama na gidanmu a nan Kumasi, marigayi Baaba da falle-fallen alminiyam ya rufe jikinsa ta waje saboda nauyin bulo, ya fi shekara 20 yanzu, kalar ta koɗe gaba ɗaya, in ka shafa hannu sai wani farin gari ya biyo tafinka kamar alli. Mma ta matsa sai an yi fenti kafin auren ƙanwata. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ko aka yi masa ya faɗa mana yadda ta kaya, ban son jita-jita.

Hajiyar Tafo: Wa alaikumus salam ɗana. Ni na yi kuma na sha wuya. Gaban shagona ne, na kira wani yaro mai fenti, ya zo da safe ya ɗan goge da tsumma ya hau shafawa, kafin la'asar ya gama, ranar kowa ya wuce sai ya ce Hajiya kin gyara wuri. Ruwan watan shida na sauka sai ga fentin yana saluɓewa kamar ɓawon ayaba, yara suna ja da farce suna wasa da shi. Na koma kantin da na sayi fentin ina ta masifa, mai kantin bai ce komai ba ya biyo ni har shago, ya ɓare guda ya juya bayansa ya nuna min, fari fat. Ya ce Hajiya fentin bai taɓa ƙarfen ba ma, a kan garin nan ya kwanta. Kunya ta kama ni wallahi.

Mai walda a Magajin: Yaya kafin komai ka ɗauki maganaɗisu ka manna a jiki. In ya faɗi alminiyam ne, in ya kama to aluzinki ne, wato ƙarfe da aka lulluɓe da alminiyam da zinki. Mutanenmu duk kwano suke ce musu amma ba ɗaya ba ne. Kuma kar wani ya ruɗe ka da jan fentin tsatsa da muke shafa wa get, na ƙarfe ne, alminiyam ba ya jan tsatsa, tasa tsatsar fara ce.

Ɗan Aboabo: Masta na gwada yanzu da na jikin firij, ya faɗi.

Fenta daga Asawase: To madalla. Ni sana'ata ce, kuma gaskiyar da masu gida ba sa son ji ita ce kwana biyu ana wanki ne, fentin kansa yini ɗaya. Bokitin ruwa da Omo da soso mai kaushi, a wanke a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ya bushe, ka shafa baƙin ƙyalle, in fari ya fito a sake, har sai ƙyallen ya dawo baƙinsa. Wani aiki a Sawaba sau uku muka wanke, mai gidan yana zaune a benci yana ƙorafi wai ruwansa muke ƙararwa, da ma famfo ba kullum yake zuwa ba can. Abu biyu kar ka bari a kawo wurin: sodar da ake haɗa sabulu da ita, tana cin alminiyam, da burushin waya, yana barin ɓurɓushin ƙarfe a jiki daga baya ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ta cikin sabon fenti. Samfefa mai laushi lamba 180 ko 220 ya isa. Inda tsohon fenti yake riƙe da kyau a bar shi, inda ƙarfen ya fito tsirara yana ƙyalli a sa faraima ta alminiyam, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, ka karanta jikin gwangwani da kanka ka ga an rubuta, kar ka dogara da bakin yaron kanti. Sai fentin akirilik na waje shafi biyu marasa kauri, a ba na farko kamar awa 4. Lita ɗaya takan ci murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, ka auna bangon ka yi lissafi, in kwanon mai tudu da kwari ne ka ƙara don yana shan fenti fiye da yadda ido yake gani.

Kawu na Bronx: Nan Amurka irin wannan rufin bango ya cika tsofaffin gidaje, daga bayan yaƙin duniya na biyu har wajen 1970 da wani abu shi ake yayi kafin na roba ya ture shi. Na yi aiki da masu fenti rani biyu da na fara zuwa. Abin da ogan ya koya min, ka bi inuwa, rana tana gabas kai kana yamma. Da injin feshin ruwa suke wanki amma ba a harba shi sama ta ƙarƙashin haɗin, ruwa zai shige baya, kuma in ka matsa kusa sai ya lotsa. Ɗana kar ka jingina tsani kai tsaye, naɗa tsumma a kansa.

Fenta daga Asawase: Kawu ya faɗi gaskiya. Ranar Kumasi ƙarfe 12 ka taɓa kwanon nan sai ka janye hannu, fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ya baje. Amma sassafe ma akwai raɓa, a jira ta kama gabanta.

Uwar 'yan biyu, Nima: Mu a hunturu muka yi don gudun ruwa, to ruwa bai zo ba amma ƙura ta zo, bangon ya zama kamar an barbaɗa masa garin rogo. Kuma maigida ya nace sai shuɗi mai duhu, yanzu ɗakin da rana tanda ne, in an ɗauke wuta ba mai iya kwana ciki. Ka zaɓi fari ko ruwan madara ko da amarya ta yi kuka.

Ɗan Chorkor: Ku na Kumasi kun huta, mu iskar teku ce ke huda shi ƙanana-ƙanana. Ka duba ƙusoshin, nawa na ƙarfe ne kafinta ya buga, kowace ta zubo jan layi, kuma alminiyam ɗin da ke kewaye da ita ya ci. Sai da na cire su na sa masu roba a wuya kafin fenti.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Na hau na duba, ƙusoshi kusan rabi sun yi ja. Auren saura sati biyar, na ce wa Mma gobe wanki za a fara, ta ce ita dai ba ta ga gwangwanin fenti ko ɗaya ya shigo gidan ba tukuna. Masta na Asawase, gwajin baƙin ƙyallen nan a jiƙe ake yi ko sai ya bushe sarai?

Fenta daga Asawase: Sai ya bushe. A jiƙe ƙarya zai yi maka.