Musayar waƙa: Ummu Kulsum ta Masar, daga faifan garmaho zuwa kaset

Baba Mai Garmaho, Ringim:
Salamu alaikum. Jigonmu mawaƙiya Ummu Kulsum, babban amsa-amo "ya". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah za ni fara,
Ɗiyar liman ce, can a karkara,
Ɗammayuz Zahaira, ƙauyen Misira,
Cikin kayan maza take rera
Yabon Manzo tun tana yarinya.

Kamfanin Odeon ya fara buga faifanta,
A 1926 kamfanin Gramophone ya karɓe ta,
Juyi 78 a minti ke ɗauke da ita,
Minti uku ko huɗu, an tsai da ta,
Ina kogi zai shiga tulu ɗaya?

Mai gyaran rediyo, Dambatta:

Baba, tulun ma gautsi gare shi,
Ya faɗi sau ɗaya, sai dai a share shi,
Allurar ƙarfe ke bin layinshi,
In ta dakushe ita ke cinye shi,
Kowace fuska da sabuwa, a yar da ta jiya.

In ba a wana garmaho ya cika ba,
Juyi zai ragu, ba a kai ƙarshe ba,
Murya ta yi ƙasa kamar ba tata ba,
Faifan da rana ta tanƙwara ba zai miƙe ba,
A jera su tsaye, inuwa ce ma'ajiya.

Malamar Islamiyya, Kazaure:

Yaya, kun tsaya gun allura,
Ku dubi baitin da ta rera,
Wulidal Huda, Shauƙi ya tsara,
Sunbaɗi ya sa kiɗa ya gyara,
Ba ta tauye harafi ko ɗaya.

Fim shida ta yi, ba ta ƙara ba,
Widad na 1936 ba a manta ba,
Bayan Fatma na 1947 ba ta koma ba,
Kyamara ba ta tafa mata ba,
Ita kuwa jama'a take so a gabanta, Yaya.

Baba Mai Garmaho:

Malama, rediyo ne ya kwance ta,
Tun 1934 yake kai muryarta,
Alhamis ɗin farkon wata ce ranarta,
Hankici a hannu, makaɗa a bayanta,
Waƙa biyu ko uku, dare ya yi tsakiya.

Baiti guda sai ta maimaita,
Kowane zagaye da irin lanƙwasarta,
Jama'a su yi shewa, su ce ta sabunta,
Situdiyo inuwarta ya kama, ba ita,
Ku nemi ɗaukar dandali, can ne gaskiya.

Mai gyaran rediyo:

A 1964 waƙar Inta Umri ta fito,
Abdulwahab mai tsara kiɗa ya sa jitar lantarki ta shigo,
Ta dandali kusan awa ce, Baba, ka gano,
Kaset C-60 rabin awa ce fuska, sai ka juyo,
C-90 ma minti 45, ta yanke a hanya.

C-120 za ta ɗauka, sai dai zaren siriri,
Robar da ke jan sa in ta yi dauɗa ko tauri,
Sai ta tauna shi, ya nannaɗe da sauri,
Auduga da sifirit, a goge tun da wuri,
A sa biro a rami, a naɗe sannu, ban da jayayya.

Malamar Islamiyya:

Waƙar Aɗlal ta 1966 fa kada a bar ta,
A 1967 zauren Olympia na Faris ya karɓe ta,
Ran 3 ga Fabrairun 1975 ajali ya same ta,
Gidan tarihi a tsibirin Rauda na da kayanta,
Tabarau da hankici suna nan a ajiya.

Baba Mai Garmaho:

In kun je gun mai turi ran kasuwa,
Ku duba mintoci kafin turawa,
Inta Umri mai minti biyar guntuwa ce kuwa,
Kiɗan share fage ne ke ta bugawa,
Ba ta ma buɗe baki ba, an tsinke igiya.