Musayar Waƙa a Kan Bangaskiya da Ayyuka

Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Baba da Mama, ina gaishe ku kafin in kawo tambaya,
Gama wani ƙulli ya hana ni barci tun shekaranjiya.
Manzo Bulus ya ce a wasiƙarsa ga Afisawa ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya,
Ba ladan aiki ba ne, domin kada kowa ya yi fariya.
Amma Yakubu a tasa wasiƙar ya kira bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya.
Wanne zan riƙe, tun da dukansu sun faɗi gaskiya?

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, buɗe Farawa 15, ka ga Ibrahim ya ɗaga kai ga taurari yana dubawa,
Ba shi da magaji, ga kuma tsufa yana ta matsowa.
Ya gaskata alkawarin Allah, aka lissafta masa adalci, wannan ita ce baratarwa,
Tun ba a yi masa kaciya ba, tun ba a haifi Ishaku ba, balle a kai shi ƙasar Moriya a matsayin hadaya don miƙawa.
Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai sauko ya yi aiki ko ɗaya ba kafin mutuwa,
Duk da haka aka ce masa a ranar nan za a yi masa maraba a Firdausi, babu tuhuma, babu jinkirtawa.

Uwa daga zumuntar mata:
Baba, na yarda, amma a bar ni in faɗi abin da na gani da idona.
Ni mai sayar da hatsi ce, kuma mudu biyu nake ajiyewa a rumfata a kwanakin jahilcina:
Babba idan zan saya, ƙarami mai lotsattsen gindi idan zan auna.
Ban jefar da ƙaramin don in sayi ceto ba, gama an riga an biya bashina;
Bayan na ba da gaskiya ne Ruhu Mai Tsarki ya hana mudun nan zama a hannuna.
Haka Zakka, mai karɓar haraji na Yariko: sai da Yesu ya shiga gidansa, shi Zakka ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, zai kuma mayar ninki huɗu ga wanda ya zalunta, ɗana.

Ɗalibi:
Mama, kin warware mini abin da ya raba Martin Luther, tushen ɗarikar Lutherawa, da cocin Katolika na Roma tun 1517 a Jamus,
Har sai 1999, da Katolika da Lutherawa suka sa hannu a Augsburg kan wannan koyarwa ta Bulus.

Uwa daga zumuntar mata:
Su masana ne, ɗana, ni kuwa tsarkakewata ba ta ƙare ba tukuna.
Mudu ya fita a yini ɗaya, amma saurin fushi ya shekara yana kokawa da harshena.
Jiya na yi wa maƙwabciyata baƙar magana a bakin rijiya, abin yana ta cin raina,
Gobe da sassafe zan je ƙofarta in roƙi gafara kafin in ɗauki kwandona.