Ta ina bindiga ke shiga hannun yaran da ke harbi a makarantun Amurka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sanin dokokin Amurka, ku taimaka. Yara 19 da malamai 2 aka kashe a firamaren Robb da ke Uvalde, jihar Teksas, ranar 24 ga Mayu 2022. Kafin nan an kashe yara 20 a firamaren Sandy Hook da ke jihar Connecticut a 2012, 'yan shekara 6 da 7. Duk uwar da ta taɓa shirya ɗanta ta tura shi makaranta, abin nan ba ya barin zuciyarta. Yaya samari ke samun irin waɗannan bindigogi? Wace doka ce za ta tare su da gaske?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba iyayen haƙuri. Hanya ta farko shago ce. A dokar tarayya, dillali mai lasisi ba ya sayar da ƙaramar bindiga sai ga ɗan shekara 21, amma doguwa irin AR-15 ɗan 18 ma yana saye. Maharin Uvalde yana cika 18 ya sayi guda biyu, bai karya doka ba. Mai saye zai cike fom 4473, dillali ya tura sunansa ga hukumar bincike ta FBI don a duba tarihinsa. In kwana 3 na aiki suka wuce babu amsa, dillali na da damar miƙa bindigar. Cinikin mutum da mutum kuwa, dokar tarayya ba ta tilasta bincike ba, sai jihar da ta yi tata dokar. Tun Yunin 2022 binciken ɗan ƙasa da 21 na iya kaiwa kwana 10 na aiki, ana duba laifukan ƙuruciyarsa, amma shekarun sayen suna nan yadda suke. Fulorida ce ta mayar da nata 21 bayan an kashe mutum 17 a wata sakandare da ke garin Parkland a 2018.

Baban Yara:
Malam ya yi bayani, sai dai ni a ganina babbar ɓarakar tana cikin gida. Maharin Sandy Hook da bindigogin mahaifiyarsa ya yi ɓarnar. A sakandaren Oxford, jihar Mishigan, a 2021, uban yaron da ya yi harbin ne ya sayi bindigar kwana 4 kafin harin. Ranar da abin ya faru makaranta ta kira iyayen saboda wani zanen bindiga da jini da yaron ya yi. Ba su tafi da shi gida ba, ba a buɗe jakarsa ba, bindigar kuwa tana ciki. Ɗalibai 4 suka mutu, a 2024 kotu ta ɗaure iyayen shekara 10 zuwa 15.

Ajiya ta gari ita ce a cire harsashi, a kulle bindiga a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wurin daban, yaro bai san lamba ko inda mabuɗi yake ba. Ɓoyewa a saman kabad ko ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce, yara sun san kowane lungu na gidansu. Kuma Hajiya, kafin ɗanki ya je wasa gidan wani, tambayi ko akwai bindiga, ko a kulle take. Babu kunya a ciki.

Yaya Babba:
Masu cewa a ƙara jami'ai masu makami su tuna Uvalde: jami'ai 376 suka taru, aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin. A Sandy Hook an harba harsashi 154 cikin ƙasa da minti 5, da gidan harsashi mai cin 30. Wata dokar tarayya ta 1994 ta hana sababbi masu cin fiye da 10, amma wa'adinta ya ƙare a 2004, ba a sabunta ba. A Afrilun 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya samu ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake buƙata, iyayen Sandy Hook suna zaune suna kallo. Shi ya sa iyaye da yawa suka karkata ga majalisun jihohi, inda ake samun dokar da ke ba alƙali ikon karɓe bindigar mai barazana na ɗan lokaci. Fulorida na da ita, Teksas ba ta da ita.