Wa ya taɓa sayen jirgin ƙasa na gwangwani a baje kolin kayan wasa?

Baban Nana, Birmingham:
Salam jama'a. Akwai baje kolin tsoffin kayan wasa da ake yi a NEC, babban zauren baje koli na nan garinmu, ina so in je in samo jirgin ƙasa na gwangwani irin mai ɗan makullin nan da ake wanawa, yarana su ga wasa kafin zuwan waya. Ni dai iyakata motar gwangwanin madara da muke ƙerawa a Zariya da murfin kwalba. Waɗanda suka taɓa zuwa a ba mu labari, kar a yi min sakiyar da ba ruwa.

Ɗanjuma, Pennsylvania:
Wslm. Ni na garin York da ke nan Pennsylvania na je, wanda TCA, ƙungiyar masu tara jiragen ƙasa na wasa, ke yi sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, wallahi sai da ƙafata ta yi ciwo, zaure bayan zaure duk tebura, dattijai farin gashi kowa da jakarsa. Kuskurena ranar farko na ga wani kan jirgi na kamfanin Marx, mutumin ya ce dala 60, kunya ta hana ni tayi na biya, washegari na ga irinsa sak 35. Ashe su ma ciniki suke kamar Kurmi, kuma ranar ƙarshe da yamma ba mai son ya sake loda kaya a mota, ka taya a sallama. Marx dama shi ne na talaka tun asali, jiragen kamfanonin Lionel da Ives na kafin yaƙin duniya na biyu kuwa kallo kawai na yi.

Maman Sadik, Manchester:
Baban Nana tunda Ingila kake jiragen kamfanin Hornby za ka fi gani, a Liverpool aka fara yin su 1920, kuma suna da yawa ba sai ka yi rawar jiki ba. Abu ɗaya, kar ka yarda ka biya sai an wana shi a gabanka. Ni an sayar min wani kore mai kyau da taragu biyu, mai shi ya ce wai makullin ne ya manta a gida, na zo na sayi makulli daban ina wanawa ina jin yana zamewa ƙarat ƙarat, ashe sifirin ɗin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da makulli ke wanawa, ya karye tuntuni. Yanzu yana kan kanta ya zama ado, maigidan kullum sai ya tsokane ni. Yanzu da makullina nake zuwa a jaka.

Injiniya Sani, Jamus:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ku duba tayoyin. Jikin gwangwani ne amma wasu tayoyin zubi ne na tutiya, idan haɗin bai yi kyau ba da shekaru sai su kumbura su tsattsage, ka taɓa su marmashe kamar ƙuli-ƙuli, kuma ba gyara sai canji. Sai fenti. Nan masu tara jiragen kamfanonin Märklin da Bing sun fi son tsohon fenti ko da ƙarzuwa a kan wanda aka sake wa sabo, na ga dattijo da ƴar tocila yana haska cikin tarago yana duba ƴan kunnuwan gwangwani da aka lanƙwasa don haɗa jikin, ko an taɓa buɗe su. Kwali ma kuɗi ne, in da kwalinsa na asali farashi ya tashi. Kuma tsohon fenti yakan zo da dalma, gefen kuma kaifi, kar ku bar wa mai rarrafe.

Abba Fagge:
Ni ban je ko'ina ba, yayana ne ya aiko min da Lionel mai lantarki daga Amurka, mai layin dogo uku. Ba wanda ya gaya min taransifomarsa ta wuta 110 ce, NEPA na kawowa na jona a tamu 220, ƙara ɗaya sai hayaƙi da ƙauri, yara suka watse. Mai gyaran rediyon layinmu ya juya ta ya juya ya ce sai dai a sake naɗi.

Baban Nana, Birmingham:
Haha Allah ya mayar da alheri Abba. Mai makulli zan saya, ba ruwana da wuta. Hajiya makullin Hornby ɗin duk girmansu ɗaya ne ko sai na auna?