Me ya kayar da fim ɗin Cats na 2019?

Ummi Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasan waƙa da rawa na Cats (wato Kyanwoyi, inda mutane ke fitowa a matsayin kyanwoyi), wanda Andrew Lloyd Webber ya tsara, ya shekara 21 a dandamali a Landan, ya kuma shekara kusan 18 a Broadway, cibiyar gidajen wasan dandamali ta New York. Amma da aka mayar da shi fim a 2019, da manyan taurari irin su Judi Dench, Idris Elba da Taylor Swift, sai ya faɗi warwas. Masana, a ina gizo ke saƙar?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Mu fara da lissafi. An kashe wajen dala miliyan 95 a haɗa shi, ban da kuɗin talla, alhali cinikinsa a duk duniya bai wuce miliyan 75 da 'yan kai ba. Kada ki manta gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, don haka abin da ya koma wa kamfanin Universal ko rabin uwar kuɗi bai kai ba. Ranar fitarwar ma ba ta taimaka ba: 20 ga Disamba, rana ɗaya da sabon fim ɗin Star Wars. A kwana uku na farko a Amurka wancan ya tara sama da miliyan 170, Cats kuwa bai kai miliyan 7 ba.

Bala Edita:
Gaskiya ne Malam, amma tun a watan Yuli da aka saki tallarsa mutane suka juya masa baya. A dandamali, ɗan wasa yana sanye da matsattsun kaya da fenti a fuska, kai kuma kana can nesa a kujera, ka san mutum ne, zuciyarka ce ke cika sauran. A fim sai aka ɗauki 'yan wasan, aka bi jikinsu da gashin kyanwa na kwamfuta, aka ƙara jela da kunnuwa masu motsi, amma aka bar fuska da yatsun mutum. Sai ya zama ba mutum ba, ba kyanwa ba, kuma da kyamara ta matso kusa ido yake ƙin abin.

Irin wannan aiki hoto bayan hoto ake bin sa, 24 a kowace daƙiƙa, ga masu rawa da yawa lokaci guda. In ba a daidaita inuwa ba, sai ka ga ƙafa kamar ba ta taka ƙasa, fuska kamar tana yawo a kan kai. Girman kyanwoyin ma yana sauyawa idan ka gwada su da kujeru da cokulan da ke wurin. Lokaci ya ƙure musu; darakta Tom Hooper da bakinsa ya ce daf da bikin nunawa na farko ya kammala. Har an ga hannun Judi Dench da zobenta ba a rufe shi da gashin ba, sannan bayan fim ya fita aka sake aika wa sinimomi gyararren kwafi.

Hajiya Rabi:
Ni a ganina, ko da gashin ya yi kyau, da sauran rina a kaba. Asalin wasan rubutattun waƙoƙi ne a kan kyanwoyi da marubuci T. S. Eliot ya wallafa a 1939, ba labari ba. Kowace kyanwa ta fito ta gabatar da kanta, daga ƙarshe a zaɓi ɗaya a ba ta sabuwar rayuwa. Mu da muka saba da waƙa a finafinan Hausa mun san tana da daɗi ne idan akwai rikicin da ta rataya a kai. Fim ɗin waƙa na Les Misérables da shi Hooper ɗin ya yi a 2012 yana da ɗaurarre da mai farautarsa, ya kuma tara sama da miliyan 400. A Cats kuwa, mai kallo yana zaune kusan awa biyu bai san wa zai tausaya wa ba, sai can da Jennifer Hudson, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta rera waƙarta.