Neman shawara: Baba zai sauke farali karon farko, ƙafarsa ce damuwata

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara musamman wurin waɗanda suka taɓa zuwa ko suka raka tsofaffinsu. Mahaifinmu shekararsa 69, mu 'ya'yansa muka haɗu muka biya masa kujera ta hukumar alhazai ta jiha, in sha Allahu bana zai sauke farali, kuma bai taɓa fita ƙasar nan ba. Yana da suga da hawan jini amma yana kan magani, sai gwiwar hagu da take matsa masa. Tunda ya bar aikin masaƙa a Kakuri tafiyarsa ba ta wuce gida, masallaci, majalisa, ni kuma ina jin ana cewa Hajji rabinsa tafiyar ƙasa ce. Abin da ya fi tada min hankali, ya rantse ba mai tura shi a keke kuma jifa da hannunsa zai yi, gashi ba ɗayanmu da zai bi shi sai wani maƙwabcinmu da suka biya tare. Saura kamar wata biyar. Ta ina za mu fara?

Alhajin Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam, Allah ya yi muku albarka kamar yadda kuka yi wa Baba. Ka fara da ƙafar nan tun gobe, ba a fafe gora ranar tafiya. Safa da Marwa kaɗai, sawu bakwai ɗin ya haura kilomita 3, kuma a kan dutse mai tauri, bayan ka gama ɗawafi bakwai. In Tamattu'i zai yi kamar yawancin alhazanmu, wato ya fara yin Umara sannan Hajji a tafiya ɗaya, to sau biyu zai yi wannan, na Umara da na Hajji, ban da ɗawafin bankwana. Amma inda ake jin jiki da gaske shi ne Mina, don tantunan 'yan Najeriya ba kusa da wurin jifa suke ba, zuwa da dawowa sai ka yi awanni a ƙafa cikin cunkoso, kuma kwana uku a jere. Ka riƙa fita da shi bayan Asuba, minti 15 a satin farko, kuna ƙara minti biyar-biyar duk sati har ya iya awa ɗaya da rabi bai zauna ba. In kana da abin hawa ka kai shi Murtala Square ranar Asabar, zai tarar da sa'anninsa suna zagaye, ya fi masa daɗi da ya ji kamar yaransa sun sa shi aiki.

Anti Nas, Kawo:
Ƙanina kafin a fara motsa jikin nan ku kai shi asibitin da yake karɓar magani tukuna, a duba zuciya da ƙoda da idonsa, ku gaya wa likita ƙarara Hajji zai je. Kar ku jira gwajin hukuma. Likita ya rubuta masa takardar magungunansa, a sayi wanda zai ishe shi har ya dawo da ƙarin na sati biyu, a bar su cikin kwalinsu, rabi a jakar hannu rabi a babbar jaka. Kar wani ya ba shi tramadol wai don gwiwa, Saudiyya ba sa wasa da wannan. Allurar sanƙarau dole ce kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi, ga ta shawara da ɗigon foliyo, duk a katin nan mai ruwan ɗorawa.
Sannan mai suga ƙafarsa ce abin tsoro, da yawansu ba sa jin zafi a tafin ƙafa. Mutum ya fito daga Harami bai ga takalminsa ba sai ya taka kwalta haka nan da rana, kafin ya kai masauki ƙafar ta ƙone bai sani ba. Ya sa takalmin a 'yar jaka ya rataya, kar ya ajiye a ƙofa. Kullum da dare ya duba tsakanin yatsu. Dabino ko alawa kar su bar aljihun jakarsa saboda tafiya mai yawa tana saukar da suga. A 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu, don haka ruwa ba sai ya ji ƙishi ba, ku saka masa ORS (garin haɗa ruwan gishiri da suga) da lema.

Hajiyar Malali:
Ni abin da zan ƙara, tsofaffi suna ƙin shan ruwa a Mina da Arfa saboda layin banɗaki, wlh na gani da idona, ku ja masa kunne sosai a kan wannan. Takalmi kuma ku saya yanzu, sandal mai taushi mai maɗauri a baya wanda bai rufe idon sawu ba, da shi zai riƙa atisayen don ya saba da ƙafarsa. Sabon takalmi ranar Arfa bororo ne kawai. Bayan ya yi aski ya cire harami zai iya sa kambas da safa a sauran kwanakin jifa. Maigidana ya ce a saka basilin mara ƙamshi saboda gugar cinya cikin harami. Goro kam ya haƙura, an hana. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, ya zauna a wuyansa, ku rubuta sunan masauki da lambar maƙwabcin naku a takarda ku saka masa a jaka.

Malam, Tudun Wada:
Ɗana, maganar keke da jifa ba ku ya kamata ku yi masa ba, uba ba ya son jin "ba za ka iya ba" daga bakin ɗansa. Ku samu malamin da yake ganin girmansa ya zauna da shi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin bankwana, ya umarci Ummu Salama ta yi nata a kan abin hawa da ba ta da lafiya, kuma ya yi wa masu rauni izini su bar Muzdalifa da dare kafin cunkoso. Wanda ya kasa zuwa jifa yana iya wakilta wani, sai dai a Malikiyya akwai hadaya a kansa, wasu malaman kuma ba su ɗora masa ba, ya tambayi wannan a wurin bita tun yanzu don ya tanadi kuɗin cikin guzurinsa. Abin da zan so ya gane, ɗawafin ifada rukuni ne, jifa ba rukuni ba. Kar ya ƙarar da gwiwar a hanyar Jamra ya zo ya kasa wanda Hajji ba ya yiwuwa sai da shi.

Baba Direba, Kawo:
Duk na yarda amma kar ku karya masa zuciya tun a gida. Ni na girme shi kuma na yi jifana da hannuna. Kakanninmu a ƙafa suka bi ta Barno da Chadi har Sudan, wasu shekaru suke yi a hanya. Ya bi lokacin da aka tsara wa tantinsu, ya guji tsakar rana, in ya gaji ya raɓe gefe ya huta. Kuma da ya isa Makka kar ya ce kowace salla biyar sai Harami ga Umara a kai a kai, da yawa a nan suke ƙone ƙarfinsu kafin 8 ga Zulhijja, ranar fita Mina.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Litinin za mu je asibiti, kuma limaminmu abokinsa ne zan same shi. Anti, sanda fa, ana barin shiga da ita? Kuma in gwiwar ta kumbura muna cikin atisayen mu tsaya ne ko mu rage?

Anti Nas, Kawo:
Ana ganin tsofaffi da sanda sosai, ku nemi mai naɗewa mai roba a ƙasa don kar ta zame a tayil, ya fara riƙe ta tun yanzu a hannun dama tunda hagu ce mai ciwon. In ta kumbura ku huta kwana biyu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, sannan ku koma da rabin lokacin. In kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe, ku tsaya nan take ku wuce asibiti.