Me za mu kira irin su Deb Haaland da Hausa?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmar Turancin nan Indigenous, wadda ake kiran al'ummomin da baƙi suka zo suka tarar a ƙasarsu da ita. Duk sanda labarin 'yar siyasar Amurka Deb Haaland ya taso sai ka ga an rubuta "'yar asalin Amurka", kuma wannan ba ya isar da saƙon. A kunnen Bahaushe ai Joe Biden ma ɗan asalin Amurka ne, tunda can aka yanke masa cibiya.

Ita kuwa 'yar Laguna ce, ɗaya daga cikin al'ummomin Pueblo na jihar New Mexico, waɗanda Turawan Sifaniya suka tarar da gonakinsu na masara da gidajensu na ƙasa tun ƙarni na 16. A zaɓen 2018 ita da Sharice Davids ta Kansas suka zama mata na farko daga irin waɗannan al'ummomi da suka shiga majalisar wakilai. A Maris 2021 majalisar dattawa ta amince da ita, ƙuri'a 51 da 40, ta zama sakatariyar harkokin cikin gida. Wannan ma'aikata ba ta 'yan sanda ba ce, ita ke riƙe da filayen gwamnati da gandun daji da hulɗa da ƙabilun irin waɗannan al'ummomi.

Ma'aikatar nan ce a da take kula da makarantun kwana inda ake kai yaran ƙabilun, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hana su harshen iyayensu. Kakannin Haaland na wajen uwa an ɗauke su suna 'yan shekara 8. Da ta hau kujerar sai ta sa aka tono tarihin, rahoton 2024 ya lissafa makarantu 417 da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu. To wanda ya karanta "'yar asalin Amurka" ta ina zai gane nauyin wannan?

"Jajayen Indiyawa" kam mu binne ta, su kansu cin mutunci suke ɗaukarta. "'Yan ƙasa" ta riga ta zama ta duk mai fasfo. "Ɗan asali" kuma a Najeriya takardar ƙaramar hukuma take tuna wa mutum, da rigimar wa ya fi wa a gari.

Ni abin da ya kwanta mini shi ne "'yan tushen ƙasa". Tushe shi ne abin da ke ƙasa kafin a yi gini a kai, kuma kalmar tana karɓar jinsi ba gardama: ɗan tushen ƙasa, 'yar tushen ƙasa. Ku gwada ta a baki: "Haaland ce 'yar tushen ƙasa ta farko da ta riƙe ma'aikata a majalisar zartarwar Amurka." Za ta yi wa Maori na New Zealand da Sami na arewacin Turai.

Masu aikin fassara a gidajen rediyo, in kun karanta ta da ƙarfi a labarai, tana tafiya ko tana sarƙe harshe?